Kitso da Kwarkwata: Me Ya Sa Aikin Tsaftace Ƙasar Ogoni Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa?

Duk wanda ya taɓa zama maƙwabcin garejin makanikai ya san abin da baƙin mai ke yi wa ƙasa. Gefen da yaran gareji ke zubar da shi yakan yi baƙi ƙirin ya daskare, ruwan sama ya sauka ya zame ta kai bai shiga ba. Ko garejin ya tashi, sai a yi damina uku ko huɗu ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin ba. Mai fili in ya tashi gini, tifa ɗaya ta jan ƙasa zai zuba a kai, wuri ya yi fes kamar ba a taɓa yin komai ba. Sai ranar da aka zo haƙa masai, mai haƙa na kaiwa gwiwa wari ya taso, ƙasar da yake jefowa ta fito da maiƙo. Wannan fa aikin 'yan galan-galan ne. A ƙasar Ogoni, maganar dubban gangunan ɗanyen mai ake yi, shekara bisa shekara, a kan gonaki da rafuka da rijiyoyin da mutane ke sha.

Ogoni al'umma ce a Jihar Ribas, ƙasarsu kusan murabba'in kilomita 1,000, a ƙananan hukumomin Khana da Gokana da Tai da Eleme. Manoman rogo da doya ne, kuma masunta. An fara samun mai a wajensu a Bomu cikin 1958. A 1990 suka kafa ƙungiyar MOSOP mai fafutukar kare haƙƙinsu, suka fitar da takardar buƙatunsu, a farkon 1993 suka yi gagarumar zanga-zanga, kuma a shekarar ce kamfanin Shell ya daina haƙar mai a yankin. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye jagoran ƙungiyar, marubuci Ken Saro-Wiwa, da wasu mutum takwas a Fatakwal. Wannan ɓangaren kusan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, an daina haƙa, amma mai bai daina ratsa ƙasar ba. Babban bututun nan na Trans-Niger, mai kai ɗanyen mai daga wasu yankuna zuwa tashar Bonny, ta ƙarƙashin ƙauyukansu ya bi. Tsofaffin rijiyoyi da mahaɗar bututu kuma aka tafi aka bar su ba tare da an rufe su yadda ya kamata ba, suna tsatsa a cikin daji.

Kafin a fahimci wahalar sharewa, sai an san halin shi kansa man. Ɗanyen mai gaurayen sinadarai ne masu yawan gaske. Marasa nauyin cikinsu suna bin iska a kwanakin farko, su ne warin nan mai sa ciwon kai, wasunsu kuma suna narkewa a ruwa, irin su benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Masu nauyin su ke zama kamar kwalta su manne wa ƙasa da saiwa. A yankin Neja Delta ruwan sama ba ya wasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa da sama ƙwarai, a wasu wuraren ba sai ka yi haƙa mai nisa ba. Saboda haka kowace rana da aka yi ba a tare man ba, ruwa na jan sa ta hanya biyu: ta sama zuwa gonar maƙwabci da rafi, ta ƙasa zuwa rijiya. In wuta ta kama, sai ta bar wani ɓawon toka da kwalta wanda shuka ba ta iya huda shi.

A watan Agusta 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta miƙa wa gwamnatin Najeriya sakamakon binciken da ta yi a Ogoni. Wata 14 ƙwararrunta suka yi a fili, suka duba wurare sama da 200, suka bi kilomita 122 na hanyar bututu, suka gwada samfuri sama da 4,000 na ƙasa da ruwa da iska. A wurare 49 sun tarar da mai ya nutsa aƙalla mita 5 a cikin ƙasa. A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun NNPC, sun iske tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyin unguwar, kuma benzin ɗin da ke cikin ruwan shan ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A Ejama-Ebubu, malalar da ta faru wajen shekara 40 kafin zuwansu tana nan ba ta gushe ba, duk da an sha cewa an share. Suka ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dala biliyan 1 don shekara biyar na farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne bayaninsu kan yadda ake sharewar tun asali. Hanyar da kamfanin Shell ya dogara da ita, wadda ake taƙaita sunanta da RENA, a ido noma ce. A kwashe man da ke kwance a sama, a kafce ƙasar, a yi mata kunya-kunya kamar za a shuka dankali, a watsa taki, a riƙa juyawa lokaci-lokaci. Hikimar ba ƙarya ba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa da ke cin mai, su mayar da shi ruwa da iska, in dai sun samu iskar shaƙa da danshi da ɗumi da abincin da taki ke ba su. Ita ce hanya mafi araha, kuma mafi sauƙi ga ƙasa, domin ba ta kashe ta. Matsalar ita ce iyakarta iyakar inda garma da iska ke kaiwa. An gina tsarin ne a kan zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi da za ta hana mai nutsawa, sai binciken ya nuna ba ko'ina cikin Ogoni ake da irin wannan shimfiɗa ba. Ke nan ana ta kaftun saman gona, mai kuwa yana can ƙasa, zurfin tsayin mutum uku, yana bin ruwa. Cikin wurare 15 da takardun kamfani suka nuna an kammala gyaransu, 10 sun fito da gurɓatar da ta zarce ma'aunin kamfanin da na gwamnati. Kitso ne aka yi da kwarkwata a ciki.

Gyara mai ɗorewa ya fi haka tsada da cin rai. Inda mai ya yi zurfi, dole a tono ƙasar, a kai ta wurin da aka shimfiɗa leda mai kauri don kada ruwan da ke tsiyaya daga jikinta ya koma ƙasa, a tara ta tsibi-tsibi ana hura mata iska ana ba ta taki. Wadda ta yi muni sosai sai a wanke ta da inji, ko a gasa ta har man ya fita a tare shi, sai dai gasasshiyar ƙasa matacciya ce, sai an yi shekaru ana ciyar da ita da taki da ciyawa kafin rogo ya yarda da ita. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi kowanne wuya. Ana haƙa rijiyoyi a zuƙo man da ke yawo a kansa, a tace ruwan, a ci gaba da aunawa shekara da shekaru. Ba aiki ne da ɗan kwangila zai gama a wata shida ya ɗauki hoto ya karɓi kuɗinsa ba, kuma a ganina wannan ne ya sa ba a son sa.

A bakin ruwa labarin ya sake salo. Gaɓar rafukan Ogoni cike take da itatuwan mangurof, masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, waɗanda ke rayuwa a taɓon da ruwan teku ke cikawa ya janye sau biyu a rana. Ta wannan saiwar suke numfashi. Nan kifi ke ƙyanƙyasa, nan kaguwa da jatan lande suke, nan mata ke shiga in ruwa ya janye su tsinci ƙananan dodon koɗi da ake miya da su, su sayar a kasuwa. In mai ya shigo da cikowar ruwa, sai ya shafe saiwar har iyakar inda ruwa ya kai, kamar an ja layi da baƙin fenti, a wasu wuraren kaurinsa ya kai santimita 1 ko fiye. Itacen ya shaƙe ya mutu a tsaye. Man kuma ya bi ramukan kaguwa ya shige cikin taɓo, inda babu iska, inda bakteriyar nan ba sa iya aiki da sauri. Shekaru bayan haka, mutum zai taka taɓon ya ɗaga ƙafa, sawunsa ya cika da ruwa mai walƙiyar bakan gizo.

A irin wannan wuri, shigo da katafila gyaran gangar Auzinawa ne, domin nauyinta zai ƙara danna man ciki, ya kuma tattake abin da ya rage da rai. Abin da aka yi a garin Bodo na Ogoni shi ne a tura ruwa a hankali cikin taɓon da bututun roba, man ya taso, a tare shi da shingen da ke yawo a kan ruwa, a kwashe, sannan a dasa 'ya'yan mangurof ɗaya bayan ɗaya da hannu. Akwai kuma wani kishiya da ke jiran fili, wato kwakwar nipa, wadda Turawa suka kawo Kalaba a 1906. In aka bar wuri fayau, ita ke riga kowa kamawa, kuma ba ta riƙe kifi da ƙasa yadda mangurof ke yi.

Bodo ɗin nan darasi ne sukutum. Gari ne na masunta mai mutum wajen 69,000. A 2008 bututun Trans-Niger ya ɓalle musu har sau biyu, na biyun ya kai har farkon 2009, kuma kamfanin Shell ya amince laifin bututun ne, ba fasawa aka yi ba. Mutanen gari suka ce malalar farko ta fara ne a ƙarshen Agusta, ba a toshe ba sai 7 ga Nuwamba. Takardar binciken hukuma ta ce ganga 1,640 ce ta zube. Wani kamfanin ƙwararru na Amurka da ƙungiyar Amnesty ta nema ya duba bidiyon malalar ya ƙiyasta sama da ganga 100,000. Agajin farko da aka kai wa garin buhun shinkafa 50 ne da buhun wake 50 da 'yan katan na sukari da tumatir da man gyaɗa. Diyyar da aka fara tayawa fam 4,000 ce, ga gari gaba ɗaya. Sai da suka kai ƙara Landan, a Janairun 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55: miliyan 35 ga mutum 15,600, miliyan 20 ga al'umma. Sharewar kanta ba ta kankama ba sai 2017, shekara tara bayan ɓarnar, kuma rigimar cikin gida kan kwangila da ɗaukar ma'aikata na daga abin da ya ja jinkirin. Ba kowane laifi ne na baƙo ba.

Daga tazarar da ke tsakanin 1,640 da 100,000 za a gane inda gizo ke saƙa. In mai ya zube a Najeriya, akan tura tawagar haɗin gwiwa ta kamfani da hukumomi da wakilan gari su je su rubuta abu uku: me ya jawo, nawa ya zube, ina ya kai. Doka ta ɗora wa kamfani sharewa ko da wa ya yi ɓarnar, amma in aka rubuta cewa fasawa aka yi, babu diyya. Kalma ɗaya a kan takarda tana iya zama miliyoyi. To wa ke da jirgin ruwan da za a shiga, da motar, da na'urar awo? Binciken UNEP ya faɗa ƙarara cewa hukumomin sa ido, har da NOSDRA da aka kafa a 2006, a kan kamfanonin suke dogara kafin su isa wurin da za su duba. Ita gwamnati kuma ta hannun NNPC ita ce mai kashi 55 cikin 100 na haɗakar da ke da bututun, a lokacin Shell na da 30, Total 10, Agip 5. Mai dukiya, mai sa ido da mai sa hannu a kan takardar kammalawa duk 'yan gida ɗaya ne. An ba kura ajiyar nama.

Hatta ma'aunin "an gama" ɗin harshen damo ne da shi. Ƙa'idar ta ce in mai ya kai miligiram 5,000 a kowane kilo na ƙasa, dole a shiga gyara, burin gyaran kuwa shi ne a sauko da shi zuwa 50. Sai aka riƙa rufe aiki da zarar an sauko ƙasa da 5,000 ɗin. Tamkar likita ne ya sallami mai zazzaɓi don ya daina suma.

Batun fasa bututu ba ƙage ba ne, kuma duk wanda ya kauce masa bai yi adalci ba. Satar ɗanyen mai da haramtattun matatun cikin daji, waɗanda ake kira kpofire, sun yi wa rafukan mummunar illa. Ana dafa mai a tankunan ƙarfe, a ɗebi dizal da kananzir, a juye ragowar a ruwa. Baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun wajen 2016, wanda mutum zai shafa gilashin mota hannunsa ya yi baƙi, yana da nasaba da wannan. Amma a tambaya, su wa ke aiki a matatun? Da yawansu 'ya'yan masuntan da kifinsu ya ƙare ne. Shi ya sa UNEP ta sa samar wa matasa sana'a a cikin shirin gyaran, domin in ba haka ba ana tufka ana warwara ne: a wanke taɓo yau, gobe wani man ya sauko da ruwa daga sama. Dokar man fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙa a cikinsu kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani, amma ta ce in an yi ɓarna a yankinsu, daga rabonsu za a cire kuɗin gyara. Ana hukunta gari guda ke nan a kan aikin da galibi manya masu jiragen ruwa da ɗaurin gindi ke cin ribarsa.

Gwamnati ta kafa shirin tsaftace wuraren da mai ya ɓata, wato HYPREP, a 2012, ya yi barci, aka farfaɗo da shi. A Yunin 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da aikin a Bodo, lokacin Amina Mohammed ce ministar muhalli. Ba a miƙa wa 'yan kwangila filayen farko ba sai 2019. A 2020 Amnesty da wasu ƙungiyoyi suka ce kashi 11 cikin 100 kacal na wuraren aka fara taɓawa, kuma 11 daga cikin kamfanoni 16 da aka ba aikin ba su da rajistar ƙwarewa a fannin. Daga baya an ga motsi: famfunan ruwa a wasu garuruwa, dashen mangurof a Bomu, ginin cibiyar nazarin farfaɗo da muhalli a Khana. Sai dai ruwan sha yana cikin matakan gaggawa takwas da aka ce a ɗauka tun 2011, kuma yaron da aka haifa a shekarar ya isa sakandare kafin wasu unguwanni su ga famfo. Wani bincike da masana daga jami'ar St Gallen ta Suwizalan suka yi ya nuna cewa malalar mai kusa da inda uwa ke zaune kafin ta ɗauki ciki tana ninka haɗarin mutuwar jariri a watansa na farko.

Ƙarfin mai ƙasa a irin wannan rigima yana bin abin da doka ta bar masa. A Najeriya, tsarin mulki ya ba gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamna. Da aka kaɗa ƙuri'a kan sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2007, wadda ta tanadi neman yardarsu kafin a taɓa ƙasarsu, Najeriya ƙauracewa ta yi. A Amurka, ƙabilar Bad River da ke Wisconsin ta kai kamfanin Enbridge kotu saboda bututunsa na ratsa ƙasarta bayan izini ya ƙare, a 2023 alƙali ya ba shi shekara uku ya daina, ya kuma biya sama da dala miliyan 5. A dajin Amazon na Peru, al'ummar Achuar sun horar da nasu masu sa ido, suna yawo da kyamara da na'urar nuna wuri suna tattara shaidar malala da kansu. Wannan na biyun shi ya fi kusa da abin da za a iya yi a nan ba tare da an jira gyaran tsarin mulki ba. Kuma ya shafi garuruwan da ke kewaye da Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022, da waɗanda bututun Agadem mai kusan kilomita 2,000 ya ratsa a Nijar a hanyarsa ta zuwa Benin. Awon ruwan rijiya da ƙasar gona da aka yi kafin ɓarna, aka ajiye kwafinsa a hannun gari, shi ne shaidar da kotu ke saurare.

Yanzu mai bututun ma ya sauya. A Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara a birnin Hague ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar da aka yi a garuruwan Goi da Oruma na Neja Delta, a ƙarshen 2022 aka sasanta a kan yuro miliyan 15, bayan shari'ar da aka shigar tun 2008. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba mutanen garuruwan Ogale da Bille na Jihar Ribas damar ci gaba da ƙararsu a can. A Maris 2025 kuma Shell ya kammala sayar da reshensa na kan tudu ga wata haɗakar kamfanoni mai suna Renaissance, tsofaffin bututu da tsofaffin tabo duka. A maƙwabciyar jiha, kwamitin da Bayelsa ta kafa ya ƙiyasta a 2023 cewa nata gyaran zai ci dala biliyan 12. Gwamnatin Tinubu ta yi wa Saro-Wiwa da abokansa afuwa a Yunin 2025, a shekarar kuma ta yi ta tattaunawa da shugabannin Ogoni kan komawa haƙar man da aka dakatar tun 1993. Kwanaki kaɗan bayan an kammala cinikin na Maris, bututun Trans-Niger ya yi bindiga ya kama da wuta, a Bodo.